Ragunan Garken Baya

Shekara tara Makiyayi yana kula da ragunan ɗakin gwaji, kuma yana da wata ɗabi'a da ba wanda ya sani. Duk ragon da za a kai wa Likita, sai ya durƙusa ya manna kunne a haƙarƙarinsa. In ya ji zuciya tana tuntuɓe, sai ya lallaɓa da shi garken baya, ya kawo ƙaƙƙarfa a madadinsa. Tausayi ne fa, ba mugunta ba.

Bana bindigar lantarki ake gwadawa. A ɗaure rago kan teburin ƙarfe, a dasa masa bakinta a ƙirji, a danna har sakan arba'in. Ɗakin ya gume da ƙaurin gashi. Rago ya sandare, ya saki fitsari, an jima ya miƙe yana tangaɗi.

"Talatin cif, ko ɗaya bai mutu ba," in ji Likita ranar Laraba, tana wanke hannu. "Gandirobobi sun huta da kulki."

Sai a lokacin Makiyayi ya gane fursunoni za a dasa wa bindigar. Autansu wata huɗu ke nan yana gidan yari, yana jiran shari'a kan wani faɗan tasha. Auta kuwa ga ciwon zuciya tun yana goye, ga bakin tsiya. In ba a taka shi ba ma shi zai taka.

"Ranki ya daɗe," ya ce, "ragunan nan zaɓaɓɓu ne. Masu raunin na ɓoye su."

Likita ta kashe famfo.

"Kawo min ɗaya."

Ya jawo wani fari mai karyayyen ƙaho, wanda ya saba cin dusa a tafin hannunsa. Da kansa ya ɗaure shi, yana jin kunyar haɗa ido da dabba. Likita ta danna. Ba a kai sakan goma ba layin da ke tsalle a jikin na'urar auna bugun zuciya ya miƙe sambal.

"Innalillahi," ta ce a hankali. "Bawan Allah, ka san abin da ka yi? Rahoton cewa ba ta kisa ya tafi tun watan jiya. Ranar Litinin aka raba wa gandirobobi bindigogin."

Ko rigar aiki bai tsaya cirewa ba. Ya tari mota, ya sauka a ƙofar gidan yari. Mata masu ziyara sun yi cirko-cirko a rana da kwanukansu. Gandiroban bakin ƙofa na tsaye, sabuwar bindigar rataye a ƙugunsa.

"Yallaɓai, ƙanena na zo gani. Ba shi da lafiya, zuciyarsa..."

"Babu ziyara yau. An ɗan yi hayaniya a ciki da safe."

"An ji wa wani ciwo?"

Gandiroban ya tambayi sunan ƙanen. Da ya ji, sai ya kau da kai, ya sassauta murya.

"Kai ne yayansa? Shigo, Baba. Oga na son ganin wani daga gida."