Rajistar Malam Jan-Biro

"Ban ce kana ƙarya ba," in ji matar da ke bayan tagar. "Takardarka ce ta ce."

"Hajiya, wata huɗu na yi ban taka makaranta ba."

"To ga abin da makarantarku ta rubuta." Ta manna takardar a jikin gilashi, ta sa farce a ƙarƙashin wani layi. "Kwanakin karatu, ɗari da tamanin. Kwanakin da ɗalibi ya halarta, ɗari da saba'in da takwas. Ni da ake biya albashi ban zo aiki haka ba."

Wani a cikin layi ya yi dariya. Dogo bai waiwaya ba.

Tun ƙarfe bakwai yake tsaye a barandar ofishin ɗaukar ɗalibai na jami'a. Maki tara ya rage masa ya kai abin da sashen injiniyan lantarki ke nema. Akwai kwamitin da ke sake duba irinsa, waɗanda suka gaza da ƙasa da maki goma, in sun nuna wata masifa ce ta faɗa wa gidansu a shekarar jarrabawa. Yau ce ranar ƙarshe. Ƙarfe huɗu za a rufe tagar. A akwatin da fom ya ce a bayyana dalili ya rubuta layi shida: mahaifinsa ya yanke jiki ya faɗi a shagonsa na gyaran fanka, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, kuma shi kaɗai ne a gidan mai ƙarfin ɗaga shi.

Ya tura wata takardar ta ƙarƙashin gilashin. "Ga ta asibiti."

Ta duba. "Wannan sunan mai jinyar, naka ne?"

"Na kawuna ne."

"To kawun naka ne ke neman gurbi?"

"Sun ce ban cika sha takwas ba, sai babba ya sa hannu. Ya zo ya sa hannu ya tafi. Ban ƙara ganinsa a asibitin ba."

"Saurayi, ni tattarawa kawai nake yi. Kwamiti ba ya ganin fuska, takarda yake gani. Takardar nan ta ce ubanka ya kwanta, kawunka ya yi jinya, kai kuma kana aji kullum ka ƙi karatu." Ta haɗa takardun ta miƙo masa. "Ka je malamin ajinku ya rubuta ainihin kwanakin da ka yi fashi, ya sa hannu, a buga hatimin makaranta. Ka sani kuma, duk wasiƙar da ta saɓa wa rajista muna aika kwafinta ma'aikatar ilimi su tabbatar."

"In na kawo za a ɗauke ni?"

"In ka kawo za a karanta. Bara mutum ɗari uku suka kawo, aka ɗauki ashirin. Na gaba."

Bai wuce makaranta kai tsaye ba. Sha biyu ta kusa, lokacin juya Baba har ya wuce. In aka bar shi a ɓari ɗaya ya wuce awa uku, fatar ƙugunsa takan fara ja, daga ja sai gyambo. Sun taɓa gani sau ɗaya, ba sa son su sake.

Ya tarar da Umma tana guga a tsakar ɗaki. Ya ajiye takardun a kan tebur ya shiga ciki. Ya sa hannu ɗaya ƙarƙashin kafaɗar Baba, ɗaya ƙarƙashin cinya, ya juya shi ya fuskanci bango, ya tokare bayan da matashi. Ya ja zanin gadon ya miƙar, don ko ƙaramin lanƙwasa ciwo yake zama. Baba ya motsa baki. Sai da ya gwada sau biyu maganar ta fito.

"Sun... karɓa?"

"Ana kai, Baba."

Da ya fito, fom ɗin na hannun Umma. Ta kashe dutsen guga, abin da ba ta yi sai magana ta yi nauyi.

"Wankan ubanka ka sa a takarda?"

"Tambaya suka yi."

"Suka ce ka faɗa musu wa ke kai shi bayan gida? Mutum da mutuncinsa, ka baje shi a gaban 'yan ofis suna karantawa suna shan shayi?"

"Ba su ma yarda ba, Umma. Hankalinki ya kwanta. Rajista ta ce kullum ina aji."

Ta ninke rigar da ta riga ta ninke.

"Ni na je na same shi," ta ce.

"Wa?"

"Malamin naku mai jan biro. Satin da aka kwantar da Babanka. An ce mini duk wanda ya yi fashi da yawa ba a bari ya zauna jarrabawa. Na roƙe shi ya rufa mana asiri. Ya ce, kada ki damu, rajista a hannuna take."

"Shekara guda ba ki faɗa mini ba?"

"In faɗa maka me? An yi maka alheri sai an kira taro?" Ta kunna dutsen gugar. "Ka ci wani abu kafin ka fita. Ka tsaya mini a kai kamar sandar wuta."

Bai ci ba.

Makarantar tana nan yadda ya bar ta, har da tagar aji shida da aka toshe da kwali. Malam Jan-Biro yana ɗakin malamai shi kaɗai, litattafai jibge a gabansa, biro uku jajaye a aljihun gaba. Shekara talatin da huɗu yana koyar da lissafi. Ɗalibai sun daɗe da manta sunansa na yanka, shi ma ya daina gyara musu.

"Dogo. Ka ƙara tsawo ko ramewa ka yi? Yaya mai jiki?"

"Da sauƙi, Malam."

"An sami gurbin?"

Dogo ya ajiye takardar a kan littafin da Malam yake dubawa. Ya nuna layin, daidai inda farcen matar ya bar alama. Ya yi bayani a taƙaice. Malam ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya sake cirewa.

"Wato cewa za su yi ka zo ka ƙi karatu."

"Sun riga sun ce."

"Ka san doka. Ɗalibin da ya yi fashin fiye da kashi ɗaya cikin huɗu, ba a yi masa rajistar jarrabawar ƙarshe. Kai ka yi kwana tamanin da ɗaya. Da na rubuta gaskiya, da ko zauren jarrabawa ba ka shiga ba, balle a yi maganar maki tara."

"Na sani."

"Kullum da safe in na zo sunanka, sai in ce ya zo, in ja layi. 'Yan ajinku ma suka koya, su suke amsa maka."

"Malam, kwana biyun da ka sa ban zo ba."

"Na sa su ne don kada mai duba makarantu ya yi zargi. Ɗalibi ba ya cika cif."

"Ranakun nan biyu na zo. Ranar gwajin lissafi da ranar ɗaukar hoto."

Malam ya dube shi. Sai dariya ta ƙwace masa, gajeriya, ta ƙare da tari. Dogo bai taya shi ba.

"To," Malam ya ce bayan ya sha ruwa. "Me suke so?"

"Wasiƙa. Ainihin kwanakin. Sa hannunka da hatimi. Sun ce za su aika kwafi ma'aikata."

"Dole su aika. Rajista takardar gwamnati ce." Ya kalli kalandar da ke bango, inda aka zagaye wata rana da jan biro. "Wata biyar ya rage in yi ritaya. Akwai wani malamin tarihi a makarantar da na fara aiki, maki uku ya ƙara wa wata yarinya. Aka kore shi, bai fita da ko kujerar da yake zama a kai ba."

"To a bar shi, Malam."

"A bar shi ka yi me? Ka sake jarrabawa baɗi? Baɗi wa zai juya maka uban naka, ni?" Ya jawo farar takarda. Ya laluba aljihu, ya tsaya. "Ba a rubuta wasiƙar ofis da ja. Ba ni naka."

Dogo ya miƙa masa biro. Ya tsaya yana kallon hannun na tafiya, rubutu miƙaƙƙe irin na allo, ba gogewa ko ɗaya. Malam ya rubuta kwanakin daga wani ƙaramin littafi da ya ciro daga aljihun tebur. Ashe yana da rajista ta biyu, ta gaskiya, wadda shi kaɗai ke gani. A layin ƙarshe ya rubuta cewa shi ya cika rajistar da hannunsa, ba da sanin shugaban makaranta ba, ba da sanin ɗalibin ba.

"Ba sai ka sa wannan ba," in ji Dogo.

"In ban sa ba, kai za su tambaya. Tashi mu je wurin hatimi."

Sakatariyar shugaban makaranta tana waya, ta maƙale ta tsakanin kunne da kafaɗa. Ta ga Malam ne, ta ɗaga hatimi ta buga ba ta ko kalli takardar ba. Duk abin bai ɗauki numfashi uku ba.

A baranda Malam ya ninke wasiƙar uku ya sa masa a aljihun riga da kansa.

"Na rubuta. Nawa ya ƙare. Kaiwa kuma naka ne, kada ka dube ni. Ka gaishe da Ummanka." Ya juya, ya sake juyowa. "Ga bironka. Ba ya gudu, ka sayi wani kafin ka shiga jami'a, kada ka ba mu kunya."

Bas ɗin da Dogo ya hau ta tsaya a cunkoso kusa da kasuwa, ta ƙi gaba ta ƙi baya. Uku da kwata. Wata mata ta ɗora masa kwandon kaya a gwiwa ba ta ko tambaya ba. Ya bar shi.

Haushi yake ji, ya rasa wanda zai ɗora wa. Kawu ya sa hannu don a karɓi Baba da wuri. Umma ta je roƙo don ya zauna jarrabawa. Malam ya ja layi tamanin da ɗaya don kada shekararsa ta tafi a banza. Kowa ya taimake shi, ba wanda ya tambaye shi, ga shi yau duk taimakon ya taru ya zama takardar da ta ce shi rago ne. Da mugunta aka yi masa, da ya san ƙofar da zai je ya yi ihu.

Ya taɓa aljihu. Takardar ta fara jiƙewa da zufa. Ashirin cikin ɗari uku. Ya yi lissafin ba da niyya ba, yadda Malam ya koya musu, a soke sifili, a raba. Ɗaya cikin sha biyar. Ita kuwa ma'aikata ba ta da ɗaya cikin sha biyar. Kwafi in ya je, ya je.

Ya tuna shagon Baba a kulle, fankokin mutane bakwai a ciki da ba a gama gyarawa ba. Biyu ya iya haɗawa da kansa. Sauran sun fi ƙarfin abin da ya koya a tsaye.

Uku da rabi ya sauka ya ƙarasa da ƙafa.

Layin ya ƙare. Barandar ba kowa sai mai shara da ke tattara robobin ruwa. Matar ta riga ta rataya jaka a kafaɗa, ta sauke rabin labulen tagar. Agogon da ke bayanta ya ce huɗu saura minti takwas.

"A'a, ɗari da saba'in da takwas," ta ce. "Ka dawo."

Ya tsaya a gaban gilashin. Ya ajiye fom ɗin da takardar asibiti. Hannunsa na dama ya tafi aljihun riga, ya tsaya a can.

"Hajiya, kwafin nan. Dole ne sai an aika?"

"Ranar Litinin mota ke kai su. Ba ni na kafa dokar ba." Ta ajiye jakar, ta zuro tafin hannu ta ƙarƙashin gilashin, yatsun na motsi. "Yi sauri, ni ma ina da mai jirana a gida. Ka samo wasiƙar ko ba ka samo ba?"