Ɗamarar Derpog

Ranar da uwata Derpog ta rasu, fitonmu, giyar dawar da muke dafawa, ya ƙi tashi.

Na kasa zama. In leƙa tukunya, in fita, in dawo in kara kunne. Shiru, ba kumfa. Ga makaɗa sun iso daga Nandom, ga dangi na ta kwararowa, kuma a wurinmu makokin da babu fito abin kunya ne, balle na mai dafa shi.

Kakar uwata ce ta kafa murhun nan. Tun daga kanta, wata ɗamarar zaren rama ake tsomawa a ruwan tsiron dawa, ita ke riƙe da irin da ke tayar da giya. In an cire sai a shanya, ba a wanke ta. Da ita muke tinƙaho, wai irinmu bai taɓa ƙetare ƙofar gida ba.

Can na hango ɗamarar a kan igiya, fara sol, tana ƙamshin sabulu. Faustina ce ta wanke ta, matar ƙanena, 'yar birni mai tsabtar tsiya. Wai ta ga baƙi za su zo. Ban iya ko zaginta ba, don ji na yi kamar uwata ta sake mutuwa.

Gida ɗaya ya rage mai irin wannan ɗamara, na tsohuwa Yuora. Tun ina yarinya take janye mana mashaya, ko gaisuwa ba ma yi. Na je ƙofarta na juyo, na sake komawa.

Ta dube ni sama da ƙasa. "'Yar Derpog, yau ƙafarki ta san hanya?"

Na ce aro na zo, in kuma dariya za ta yi, ta yi da sauri, tukunya na jira.

Ba ta yi ba. Ta shiga ɗaki ta fito da ɗamara baƙa ƙirin, ta ɗora mini a hannu.

"Ba aro ba ne. Shekarar da mijina ya mutu ya bar ni da yara, uwarki ta yanko mini rabin tata, ta ce kada ku ji."

Na koma gida na tsoma ta. Kashegari da hantsi tukunya ta soma tsuwa. Na ɗebi ƙoƙon farko na zuba a ƙasa gaban gawar uwata, sannan na kurɓi na biyu. Ɗanɗanon hannunta ne sak. A nan kuka ya ƙwace mini.