Shaidar da Ikilima Ta Saya

Ranar da aka daki Haladu a kasuwar Sara, Hajiya Ikilima tana gida a Birnin Kudu tana tankaɗe aka kira ta a waya. Ko da ta isa asibiti, ba ta gane ƙanin nata ba sai da ya yi magana. Fuska ta kumbura ta rufe ido ɗaya, haƙoran gaba biyu babu su, rigar da ta ɗinka masa da ƙaramar sallah ta zama tsumma.

Motar da yake tuƙawa tata ce, wata farar akori-kura da mijinta ya rasu ya bari shekara huɗu da suka wuce. Dangi sun so ta sayar, ta ƙi, ta miƙa wa Haladu makulli. Shi yake kwaso riɗi da gero daga ƙauyukan Gwaram ya kai inda aka ce masa, kuma a duk shekarun nan ko kaza bai taɓa takawa ba.

Ga yadda abin ya faru. An gama loda masa buhunan riɗi har sun toshe gilashin baya, ya sa ribas yana komawa a hankali. Sai wani ɗan babur ya kutso da gudu ta tsakanin motoci, ya banke wani tsoho mai sayar da igiya, ya wuce abinsa. Tsohon ya faɗi daidai bayan motar. Wani ya yi ihu cewa direba ya taka mutum. Kafin Haladu ya ja birkin hannu an buɗe ƙofa an fizgo shi ƙasa. Sai da tsohon ya farfaɗo ya ce ai babur ne, sannan aka sake shi. A lokacin an riga an farfasa gilashin gaba, an farfasa bakinsa.

Bayan kwana uku manyan kasuwa suka aiko mutum biyu da goro. Suka zauna a zaure tare da Bappa, ƙanin mahaifinta, suka ce a yi haƙuri, ƙaddara ce, Allah ya kiyaye gaba. Ikilima tana daga bayan ƙofa tana ji. Da suka tafi ta fito.

"Bappa, su wa suka dake shi?"

"Sun ce ba a sani ba. Taro ne."

"Mutum nawa ne a kasuwar nan ranar? Duk makafi ne?"

"Ikilima, ko kin kai ƙara, shaida za a tambaye ki. Wa zai tashi ya nuna ɗan garinsu saboda baƙo? Ki bar wa Allah."

"Na bar wa Allah tun ranar farko. Amma na gaba ba zan bar wa goro ba."

Ta ɗauki ƙullin goron ta ajiye a dokin ƙofa, almuru na yi awaki suka cinye ledar da abin da ke ciki.

Ta taɓa ganin abin a motar wani ɗan'uwan mijinta da ke Kano, wata 'yar kyamara manne a gilashi tana ɗaukar duk abin da ke gaban mota. A lokacin ta ɗauka ƙawa ce ta masu kuɗi. Yanzu kuwa ita ce ta tsaya mata a rai. Ranar da aka sa sabon gilashi, ta yafa mayafi ta nufi shagon Ashiru mai wayarin mota, a bayan tasha, wanda aka ce yana kawo irin waɗannan kaya.

Ta same shi kansa a cikin wata mota yana tonon wayoyi. Ta yi sallama, ta faɗi abin da ya kawo ta. Bai ko ɗago ba.

"Hajiya, ki turo maigida ko direban. Abin yana da bayani."

"Maigida yana maƙabarta, direba yana kwance ba ya iya tauna tuwo. Ni ce dai. In bayanin ya fi ƙarfinka ka faɗa mini in tafi Dutse."

Ashiru ya fito yana goge hannu a wando. Ya jawo mata benci, ya shiga ciki ya ɗauko kwalaye uku ya jera a kan tebur.

Ta farko ƙarama ce kamar kwalin ashana, ana manna ta a gilashi. Ya ce ita aka fi saya, ga araha, ga sauƙin sawa. Ikilima ta juya ta a hannu.

"Baya fa?"

"Wannan gaba kawai take gani."

"To ta bayan mota aka cuce mu. Amma kunna ta in gani."

Ya haɗa ta da wani tsohon batir, ya juya idonta wajen titi. Ta sa shi ya jira har wani ɗan acaba ya wuce da gudu, sannan ta ce ya dawo da hoton ya tsayar. Suka sunkuya a kan ɗan allon. Babur ɗin ya fito kamar an goga gawayi a bango, ba lamba, ba fuska.

"Wannan wa ke nan?" ta tambaya.

"Ai yana gudu ne, Hajiya."

"Wanda zai banke mutum a tsaye zai zo? Malam Ashiru, ka san wannan ba ta ganin komai kake sayar wa mutane?"

"Masu saye ba sa tambaya."

"Ni ina tambaya. Rana fa? Motar nan wuni take yi a fili."

Ya ɗan sosa ƙeya, ya ce gaskiya akwai ɗan batir a cikinta da ke kumbura in zafi ya yi yawa, an dawo masa da guda huɗu cikin bazarar da ta wuce. Ikilima ta yi tsaki mai tsawo, ta ture kwalin gefe da bayan hannu.

Ta biyu ana ɗaura ta a kan madubin tsakiya, madubin ya zama allo. Tana da ido a gaba, da wani ƙaramin ido mai doguwar waya da ake kafawa a baya kusa da lamba. Da an sa ribas, bayan motar zai fito a allon. Aka maimaita gwajin. Wannan karon ta ga fuskar ɗan acaban, har da tsagen da ke kumatunsa, ta kuma karanta lambar wata motar haya da ta biyo shi. Ba ta yaba ba, sai ta ci gaba da tambaya. In ruwan damina ya doki idon baya fa? Ya ce an rufe shi ruf, sai dai a riƙa goge masa laka. In ta cika da hoto fa? Ya ce tana share tsohon ta ɗora sabo, amma akwai maɓallin da in an danna, abin da aka ɗauka a lokacin ba zai gogu ba. In an kashe mota fa, tunda a tsaye aka fi cin mutum? Ya ce sai dai a jawo mata wuta daga batir ta wata hanya dabam, kuma akwai ɗan abin da ke yanke wutar kafin batir ya mutu. Ta warware wayar idon baya da kanta, ta auna da kamu, ta ce ba za ta kai ƙarshen akori-kura ba. Ashiru ya dube ta, ya dubi wayar, ya ce haka ne, sai ya aika a kawo mai tsawo daga Kano.

"Da ban auna ba fa?"

"Da na yi mata ƙari."

"Da ka yi mata ƙulli da salatif, ruwa ya shiga, ranar da nake nemanta ta ce ba ta gani ba."

Ta uku irin ta biyun ce, sai dai tana da ƙarin ido da ke kallon cikin mota. Ashiru ya rage murya ya ce masu motoci sun fi son wannan, domin tana nuna ko direba yana ɗaukar fasinja a ɓoye. Ikilima ba wannan ta fara tunani ba. Ƙofar direba ta tuna, da hannuwan da suka buɗe ta. Idon ciki zai kama fuskar duk wanda ya leƙo ta taga. Ta ce wannan take so.

Bayan sati biyu waya ta iso, Haladu ma ya fara fita. Shi ya tuƙo motar zuwa shagon, tana gefensa. Kumburin ya saɓe, amma in yana magana sai ya kare baki da hannu. Yana tsaye yana kallon Ashiru yana bin ƙarƙashin bodi da waya har aka kunna allon. Sai ga kujerarsa da sitiyari sun fito a ɓangare ɗaya.

"Wannan kuma na mene ne?"

"Na ciki ne," in ji Ashiru. "Yana ɗaukar direba."

Haladu ya juyo. Hannun da yake kare baki ya sauka.

"Yaya, ni aka daka, kuma ni za a sa wa ido?"

"Ba don kai na sa ba. Don masu jawo ka ne ta ƙofa."

"Duk tasha an san abin da ake sa wannan dominsa. Gobe za a ce Haladu ɓarawo ne, yayarsa ta kafa masa kyamara. Shekara huɗu ina tuƙa miki motar nan. Me kika nema kika rasa?"

"Haƙoranka na nema na rasa."

"To idon nan zai dawo da su? Ranar nan mutum ɗari ne suke kallo. Ba ido aka rasa ba, Yaya, wanda zai ce a dakata aka rasa."

"Shi ya sa na sayi wanda ba ɗan garin kowa ba ne. Ko in zauna in jira a kawo mini kai a makara, a biyo da goro?"

Masu gyara a shagunan kusa sun daina aiki suna saurare. Haladu ya zaro makulli ya ajiye a kan bonet.

"Gaba da baya na yarda. In kuwa sai da na ciki, ki nemi direban da zai iya wuni ana kallonsa kamar akuyar sayarwa."

Ikilima ta fusata. Ta so ta ce masa ya tafi, motarta ce, kuɗinta ne. Ta dubi giɓin da ke bakinsa, sai ta fasa. Abin da ya ƙara ƙona mata rai shi ne, da Ashiru ya ambaci fasinjan ɓoye ranar nan, ba ta ce masa ƙaninta ba haka yake ba.

"Cire na cikin," ta ce wa Ashiru.

"Hajiya, tare suke, sai dai a kashe shi."

"Ban ce ka kashe ba. Wanda aka kashe ana iya kunnawa. Sauke ta, ka sa mai ido biyun."

Sai da aka kai la'asar ana wannan aiki.

Ranar kasuwar Sara ta gaba, ta ce da ita za a je. Bappa ya yi magana, ta yi kamar ba ta ji ba. Suka bi hanyar Gwaram da sassafe, gero ya yi kai a gonaki dama da hagu, kyamarar tana ƙyafta ɗan jan haskenta a kan madubi. Da suka shiga wajen lodi, Haladu ya sa ribas. Allon ya kawo bayan motar tar, buhuna a jibge, ƙafafun mutane, wata akuya. Sai ga wani ƙaton mutum mai jar hula ya shigo tsakiyar allon yana yafito da hannu yana cewa, "Taho, taho, direba, saura kaɗan."

Haladu ya taka birki.

"Ɗan'azumi ne, ɗan dako," ya ce a hankali. "Shi ya buge ni da ƙotar fartanya."

Ikilima ta buɗe ƙofa ta sauka. Ta zagaya baya, ta tsaya a gabansa.

"Kai ne Ɗan'azumi?"

"Ni ne, Hajiya. Buhu nawa za a loda?"

"Ka san direban nan?"

Ya leƙa ta gefe, ya gan shi a madubi. Fuskarsa ba ta canza ba.

"Ai mun ji abin da ya faru, Allah ya ƙara sauƙi. Ni ma rabo na shiga yi ranar."

"Da ƙota ake rabo a garinku?"

Mutane suka fara matsowa. Wani dattijo ya ce, "Hajiya, ai an wuce wannan wurin, an ba da haƙuri."

"Wa ya ba da? Shi? Ga shi nan a tsaye, yanzun nan ya yi ƙarya a gabanku, kuma dukanku kun sani." Ta nuna ɗan idon da ke saman lamba. "Kun ga wannan? Tun da muka shigo take ɗaukar ku, gaba da baya. Abin da ya wuce ba ta gani ba, ya ci sa'a. Amma daga yau duk wanda ya ɗaga wa motar nan hannu, fuskarsa zan kai wa hukuma, ba sunansa zan zo ina roƙo ba."

Ɗan'azumi ya yi dariyar yaƙe, ya sunkuya zai ɗauki buhun farko.

"Ajiye," ta ce. "Hannunka ba zai taɓa kayan motata ba."

Sauran 'yan dakon suka dubi juna, suka ja baya, domin ba mai son ya ɓata da ɗan'uwansa saboda lodi ɗaya. Mai riɗin ya fara ƙorafi rana tana yi. Haladu ya sauko, ya tuɓe riga, ya kama kunnen buhu. Shi da mai kayan suka fara loda buhu ashirin da biyu su kaɗai, Ikilima tana tsaye a rana ta ƙi karɓar kujerar da aka kawo mata. Can wajen buhu na goma sha biyar wani ɗan dako mai furfura ya taso ba tare da ya dubi kowa ba, ya sa musu hannu har aka gama.

A hanyar komawa Haladu yana ta haki, zufa ta jiƙe masa wando. Sun wuce gari biyu kafin ya yi magana.

"Yaya, kin san mako mai zuwa ma haka za su yi mana."

"Na sani."

"Bayana ba zai ɗauka ba."

"Sai mu taho da namu masu lodin daga Kangire."

Ya kauce wa wani rami. Ita kuwa ta juya fuska waje, tana lissafa a ranta su wa za ta aika wa a Kangire kafin ranar.