Kan Burtuna a Goshin Zubaida

Ni Kalilu na Mungadi, kububuwa ta sare ni sau biyu, ambaliya ta tafi da ɗakina ina ciki, kuma ga ni ina taka ƙasa. Ban taɓa zama a aji ba, amma babu tsuntsun fadamar nan da bai san tarina ba.

Jikata Zubaida tana karatu a Aliero. Malaminsu ya ce gauraka ta ƙare a ƙasarmu, ita kuwa ta miƙe ta ce kakanta yana ganinta har gobe. Aka kwashe da dariya, aka ce ta kawo hoto. Da ta gaya mini, ko tuwo ban iya ci ba. Ni za a mayar maƙaryaci?

Muna sallame asuba muka gangara fadama, ita da kyamara, ni da tsohon kan burtuna. Itace ne na sassaƙa da siffar kan burtu. Maharbi ya ɗaura a goshi, ya lulluɓa baƙin zane, ya yi rarrafe, tsuntsaye su ɗauka ɗan'uwansu ne ke kiwo. Da shi na ci da gida shekara arba'in.

Muna wuce fangalin albasa sai ga gauraki biyu a bakin tabki, tukkunsu na ƙyalli.

"Kaka, sun yi nisa, ba za su fito a hoto ba," in ji Zubaida.

"Biyo bayana, amarya, ki ɓuya a zanena."

Na ɗaura kan, na lulluɓa baƙin zanen, na durƙusa. Taku goma na yi, gwiwar dama ta ƙage. Na yi na yi, ta ƙi. Ga rana na shirin ɓullowa, ita kuwa tana fitowa za su tashi.

"Angon nawa ya tsufa," ta ce da raɗa.

"Gwiwa ta tsuhwa, ba ni ba. Miƙo goshinki."

"Ni? Mace?"

Babu wanda ya taɓa ɗaura kan nan sai ni. 'Ya'yana maza sun roƙa na hana. Na ɗaure mata shi a kan hijabi, na yafa mata zanen.

"Kar ki tahi kai tsaye. Taku uku, ki caki ƙasa, ki waiga kamar ba ruwanki da su."

Ta tafi. Wallahi da ina da bindiga da na harbe ta, don burtu ce sak. Namijin gaurakar ya miƙa wuya ya dube ta. Ta caki ƙasa. Ya ci gaba da kiwonsa. Sai na ga hancin kyamara ya leƙo ta ƙarƙashin zane.

Ta dawo gwiwoyi duk laka, ta nuna mini hoton. Har jan kumatunsu ya fito.

"Zan gaya wa malam Kaka ya maƙale a hanya."

"Gaya mishi. Amma ki tahi da kan nan, ki aje mishi bisa tebur, ki ce Kalilu na tambaya ko akwai wannan cikin littahinshi."

Ita ta riƙe ni muka hau tudu. Ban karɓi kan ba, kuma ba mantawa na yi ba.