Ruwan Rijiyar Goggo Uwani

Dakta Nafisat malamar kimiyya ce a wata jami'a a Kaduna. Shekara huɗu ta yi tana ƙona buntun shinkafa tana sarrafa tokarsa, har ta fitar da ƙwayoyin silikon ƙanana ainun, waɗanda ido ba ya gani. In aka zuba su a ruwa mai kyau aka haska da wata fitila ta musamman, sai ruwan ya yi shuɗin haske. In kuwa akwai dalma a ciki, hasken ya dushe.

Wata Asabar ta kai ziyara wurin goggonta Uwani a Rigachikun, ta tarar da jikokin gidan biyu kwance, ciwon ciki ya ƙi jin magani. Bayan katangar gidan kuma akwai filin da ake fasa tsofaffin baturan mota ana ciro dalmar da ke ciki. Ta ɗebi ruwan rijiyar gidan da na maƙwabta shida ta gwada. Biyar suka dushe.

Ta kai wa shugaban sashensu, Farfesa Isa, sakamakon. Ya duba, ya ture takardar gefe.

"Nafisat, babu hukumar da ta amince da abin nan naki. Ki jira a tantance shi tukuna."

"Yaushe ke nan, ranka ya daɗe?"

"Baɗi, in Allah ya so. Kuma filin na Alhaji Ɗanasabe ne. Kada ki jawo mana."

"Yaran nan yau suke shan ruwan, ba baɗi ba."

"Na hana ki fita da shi da sunan jami'a."

"To, zan fita da shi da sunan ubana."

Ranar Talata da hantsi ta sauka ƙofar gidan mai unguwa da kwalabe, da fitilarta, da kwalin da ta shafe cikinsa da baƙin fenti. Jama'a suka taru. Alhaji Ɗanasabe ya iso yana huci.

"Wannan rufa-ido ne! Shekara tara ina ciyar da mutum talatin a filin nan, sai yau za a shafa min kashin kaji da tokar buntu?"

"Alhaji, ban zo faɗa da kai ba," in ji Nafisat. "Ga kwalabe shida babu komai ciki. Ka zuba ruwan leda a uku, na rijiyar Goggo a uku. Kai kaɗai za ka san wanne ne wanne. Ni zan juya baya."

Ya yi haka, ya cakuɗa kwalaben da hannunsa. Ta ɗiga ƙwayoyin a kowace, ta jera su a kwali, ta kunna fitila. Ba ta leƙa ba. Ta ce mai unguwa ya leƙa.

Dattijon ya daɗe da ido a ramin kwalin. "Uku na haske. Uku sun mutu."

Ya zaro ukun da suka dushe. Alhaji ya dubi alamar da ya yi musu a gindi da biro lokacin zuba ruwan, ya ga duk ukun na rijiyar Goggo ne.

Goggo Uwani ta ratsa cikin maza, ta miƙa masa kofi cike da ruwan rijiyarta. "Alhaji, in ƙarya ce, bismilla."

Bai karɓa ba.

Kafin azahar an rufe rijiyoyi biyar da kwano da duwatsu. Nafisat ta kwashi yaran gidajen biyar zuwa asibiti, gwajin jini ya nuna dalma, aka fara ba su magani. Filin kuwa bai tashi ba sai da aka yi wata uku ana kai ruwa rana.

Ranar Litinin da ta biyo bayan gwajin ta tarar da takardar tuhuma daga kwamitin ladabtarwa na jami'a a kan teburinta: ta yi bayanin dalilin saɓa wa umarni. Ta zauna ta rubuta sunayen yara goma sha ɗaya da aka samu da gubar, kowanne da shekarunsa. A ƙasa ta ƙara layi ɗaya: "Ranar Alhamis zan gwada rijiyoyin Unguwar Dosa, ana gayyatar kwamiti."

Ta sa hannu, ta kai wa sakatare da kanta.