Ranar da Injin Baban Kifi Ya Tsaya

"Bar ni, je ki wajen ruwan," in ji tsohon, yana ture kofin da ta kai masa baki.

Mai ɗinki ta tsaya da kofin a hannu. Tun hantsi aka ɗauke wuta, keken ɗinkinta ya yi shiru, shi ya sa ta ji yana bugun bangon da ya raba ɗakunansu. Ta same shi a kujera, leɓɓansa sun yi duhu, numfashi na fita da ƙyar. Ta kira 'yarsa, ta kira motar asibiti, kowa ya ce yana hanya.

Baban Kifi ake ce masa a gidan hayar. Shekara talatin ya yi a cibiyar binciken teku yana auna iskar da kifaye ke shaƙa cikin ruwa. Da ya yi ritaya sai ya ajiye akwatin gilashi a ɗakinsa, da ruwan gishiri da duwatsun murjani da kifaye bakwai. Yanzu ɗan injin da ke hura musu iska ya tsaya.

"Baba, kai ne abin dubawa, ba kifi ba."

"Me za ki yi min, 'yar nan? Allurar da kika iya ta ɗinki ce. Ɗebi ruwan da moɗa, ki ɗaga sama ki zuba. Kada ki tsaya."

Ta naɗe hannun riga ta fara. Ƙananan kifayen, shuɗi da ruwan ɗorawa, sun taru a saman ruwa suna buɗe baki. Ɗaya ya kife, cikinsa sama.

"Baba, ɗaya ya tafi."

"Masu gudun su ke fara tafiya. Jikinsu ci yake kamar murhu." Ya huta. "Dubi ƙasa, ta hagu."

Ta duba. Wani dunƙule ne mai ƙuraje, launin ƙasa, da idanu biyu.

"Wannan mummunan? Ai na zaci dutse ne."

"Loma ɗaya takan kai shi mako. Iska ma kaɗan yake nema. Na taɓa auna irinsa awa shida, har na ɗauka na'urata ce ta lalace." Ya yi dariya, ta koma tari. "Shi zai kai yamma. Sauran kuwa, ke ce iskarsu."

Ta ci gaba da ɗiba da zubawa, ta ba shi baya. Kafaɗarta ta fara zogi, ruwa ya jiƙe mata zani. Yana ce mata, "Yawwa... ɗaga sama... yawwa," har ta daina saurare, hankalinta ya koma kan wani shuɗi da ke tangaɗi. Da ya miƙe ya kaɗa wutsiya, ta ce, "Baba, wannan ya farfaɗo!"

Shiru. Ta juya. Kansa ya kwanta a kafaɗa, tabarau ya zamo kan hanci. Ba ta san ko yaushe ya cika ba.

'Yarsa ta iso tare da motar asibiti. Bayan an fita da shi, ta kama hannun mai ɗinki a bakin ƙofa.

"Yaya, kina kusa da shi? Kin riƙe shi?"

"Ina cikin ɗakin."

"Ya ambace ni?"

Mai ɗinki ta lalubi maganganunsa kaf, ba ta sami komai ba sai kifi.

"Numfashi ya yi masa wuya, ƙanwata. Bai iya magana sosai ba."

'Yar ta dubi daɓen da ya jiƙe, ta dubi moɗar da ke hannun mai ɗinki har yanzu. Ta gyaɗa kai, ta saki hannun, ta bi motar.

Can da yamma wuta ta dawo. Kifaye biyar suka rage. Mai ɗinki ta koma ɗakinta, ta zauna gaban keke da rigar wata mata a cinya, ta kasa zura zare. Gishiri ya bushe fari a hannuwanta, tun daga yatsu har gwiwar hannu.