Kunun Silvanus

Mama Edna tana shanya citta a tsakar gidanta a Kagoma sai wayarta ta yi ƙara. Wani mutum ne, ya ce shi likita ne a Kafanchan. Ko gaisuwa babu. Ya ce mota ta buge ɗanta Silvanus a kan babur, jini yana zuba, kuma ba za a taɓa shi ba sai ta tura kuɗi yanzun nan. Kada ta kashe wayar, kada ta tsaya gaya wa kowa.

Kuɗin takin bana ne kaɗai a hannunta. Ta ɗauko su, ta nufi shagon mai POS don a tura su. A bakin ƙofar gidanta ta tambayi mutumin wa ke zaune da yaron, kuma wane ɗaki aka kwantar da shi, don ta kawo masa kunu.

"Ba sai kin zo ba, Mama. Ke dai tura kuɗin."

Ta tsaya cak. Ta yi jinyar mijinta a asibiti, ta yi ta surukarta. Kullum abin da nas ke fara tambaya shi ne ina 'yan'uwan majinyaci, ina bokiti, ina abinci. Ba ta taɓa jin asibitin da ya hana uwa zuwa ba.

Ta yafito maƙwabciyarta Rahmatu, mai sayar da manja, ta rufe bakin wayar da tafin hannu, ta raɗa mata. Rahmatu ta kira Silvanus da tata wayar. Wayar ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Mutumin kuwa yana ta cewa lokaci na ƙurewa. Rahmatu ta sake kira.

Silvanus ya ɗauka. Yana layin shan mai a Godogodo, lafiyarsa ƙalau.

Mama Edna ta mayar da wayarta kunne, ta ce a hankali, "Ɗana, Allah ya shirye ka." Ta kashe. Ta ɗaure kuɗin a bakin zane, ta zauna a kan turmi har numfashinta ya daidaita. Sannan ta hura wuta, ta dama kunun.

Da yamma Silvanus ya iso. Rahmatu ta leƙo ta kan katanga.

"Majinyaci, yaya jiki? An sallame ka ke nan?"

Ya yi dariya, ya ja kwanon gabansa. Uwarsa ta zauna kusa da shi, tana kallonsa har ya shanye.